Ɗakin Daddawar Inna

Asabar, 2 ga Disamba, 2000

Daddawar Inna ba ta kama ba. Kwana uku tana rufe, yau da safe aka buɗe, kalwar tana nan ƙwaya-ƙwaya yadda aka zuba ta. Ba yauƙi, ba wari, sai sanyi. Shekara arba'in tana wannan sana'a a Getso, ta ce ba ta taɓa ganin haka ba. Ta sa yatsa ta juya, ta mayar da murfin robar, ta fita. Na ce mata kalwar ce ta tsufa. Ta wuce abinta.

Ɗakin dai ba shi da laifi, wannan in rubuta shi tun yanzu. Tsohon ɗakinta na ƙasa ne da jinka, duhu, ɓeraye, damina ta yi sai yoyo. Da masaƙa ta sallame mu na dawo gida daga Kano, ita kuma ta tafi Kabo zaman jegon ƙanwata Sabuwa, sai na rushe shi na tayar mata da sabo: kwano sama, kwano gefe, daɓen siminti, robobi sababbi fil. Duk unguwa an zo kallo. Ranar da ta dawo ta daɗe a bakin ƙofa, sannan ta ce Allah ya yi albarka, a gaban mutane. Abu ɗaya ke nan da na yi da hannuna tun da aka kore ni wanda ban ji kunyarsa ba.

Azumi na shida. Ɗari ya sauko da wuri bana.

Talata, 5 ga Disamba

Ta sake dafa wata. Tun hantsi take fama da turmi, ga azumi ga ciwon gwiwa. Na ce in kama mata, ta ce in je in zauna cikin maza. Majalisa kuwa ba abin da ake sai zancen shari'a da tsadar kalanzir. Tun da aka ƙaddamar da ita kowa ya zama mai fatawa, har Uwaisu mai faci, wanda ni na san bai sauke izu biyar ba.

Juma'a, 8 ga Disamba

Ta biyu ma haka. Wannan karon har ta yi tsami, da funfuna a gefe. Kwano huɗu na kalwa aka zubar a juji, awaki ma suka shinshina suka wuce.

Mata biyu sun zo saye da la'asar, Inna ta fito ta ce musu, “Ku je wani gida. Hannuna ya mutu.” Haka kawai, kamar mai ba da labarin ruwan sama. Na ce Inna wace irin magana ce wannan, ta ce kowane hannu da ranarsa, na kakata ma haka ya yi shekarar da za ta rasu. Raina ya ɓaci na ɗaga murya, abin da ban taɓa yi mata ba. Da aka sha ruwa kunu kawai ta kurɓa.

Tsoro nake ji. Matar da ko zazzaɓi bai taɓa hana ta hura wuta ba.

Lahadi, 10 ga Disamba

Ta kife tukwane. Ba ta leƙa ɗakin ba yau.

Litinin, 11 ga Disamba

Na tono ma'aunin zafin da na taho da shi daga masaƙa (shekara goma sha huɗu ina gadin tukunyar tururi, shi kaɗai na tsira da shi) na rataye a cikin ɗakin. Bayan sallar asuba digiri goma sha ɗaya. Da azahar talatin da takwas. Na auna a ɗakin kwanan Inna na ƙasa, safe da rana bambancin kaɗan ne.

Na daɗe zaune a kan daɓen da ma'aunin a hannu. Kwano ba ya riƙe komai, rana ta gasa shi, gari ya waye ya zama ƙanƙara. Ni da aikina ke nan, zafi da inda yake zurarewa, ni ne ban yi tunanin daddawa ɗumi take so wanda ba ya hawa ba ya sauka ba. To, ba hannun kowa ba ne. Sanyi ne, kuma sanyi ina da maganinsa.

Na gaya mata. Ta ce, “To.”

Laraba, 13 ga Disamba

Dabarar: ƙaramin ɗaki a cikin babban, taku shida da taku biyar, tsayinsa iya kaina. Kada ya taɓa kwanon ko ta ina, a bar tsakani kamar tafin hannu biyu. Bango biyu na karan dawa, a cika tsakiyarsu da ƙaiƙayin gero, a yaɓe. Katako da silin ba a maganarsu a wannan zamani.

Sai da na je roƙon kara a gonarmu ta gado. Tun zamanin Baba, in an yi girbi karan na shanun maƙwabcinmu Bappa ne, su ci su kwana a gonar su bar mana taki. Ba a rubuce yake ba amma ba a taɓa saɓawa ba. Na same shi a bakin garke, muka yi gaisuwa har ta ishe ni, ya shanu, ya sanyi, ya ibada, ya jikin Inna Uwaliya. Da na faɗi abin da ya kawo ni ya yi dariya har da riƙe sanda. Ya ce, “Injiniya, ka rushe na ƙasa ka gina na kwano, yanzu kuma za ka gina na ƙasa a cikin na kwano?” Na ce haka ne. Ya ce in ɗebi dami ashirin, kashin shanu kuma ko amalanke nawa nake so.

Dariyar ta yi min ciwo fiye da yadda na nuna.

Asabar, 16 ga Disamba

Na kafa dirkoki, na ɗaure bangon farko. Kara ya yayyanka min hannu. Ƙaiƙayi ya shiga wuya, ya shiga ido, ga ƙishirwa. Buhu tara na zuba bai kai rabi ba, yana ta zama ƙasa.

Inna na zaune a tsakar gida tana jan carbi, bayanta ga ɗakin.

Talata, 19 ga Disamba

Yaɓe. Jar ƙasa, kashin shanu, yankakkiyar ciyawa, na cuɗa da ƙafa. Uwaisu ya leƙo ta kan katanga ya ce ashe abin da aka koyo a birni ke nan. Ban kula shi ba.

Wata matsala: da safe kwanon rufi yana gumi, yana ɗiga a kan rufin ƙaramin ɗakin. In na bari zai jiƙa ƙaiƙayin ya ruɓe. Na shimfiɗa leda a sama na karkata ta gefe guda. Kowace gyara sai ta haifi wata.

Matata Umma ta aiko daga gidansu a Kano, wai yara suna tambaya ko zan zo musu salla. Me zan je da shi?

Alhamis, 21 ga Disamba

Na gwada kaskon gawayi a ciki na saki bargon ƙofa. Kafin rabin awa kaina kamar zai tsage, na fito da rarrafe na kwanta a ƙasa. Da Inna ce a ciki da yanzu wani zancen ake. Wawa kawai, kuma na sani sarai.

Asabar, 23 ga Disamba

Wuta ta koma waje. Na gina murhu a bayan ginin, na samo tsohuwar salansar babbar mota a wurin masu gyara a Gwarzo, na huda kwanon na shigar da ita. Ta bi ƙasan ƙaramin ɗakin, na binne ta da yashi da duwatsu, ta fita ta ɗaya gefen ta miƙe sama. Hayaƙi ya bi bututu ya fice, duwatsu su riƙe zafin. Na liƙe mahaɗar da laka.

Na hura da yamma, na rufe bakin murhun. Da gari ya waye: talatin da uku. A waje goma sha biyu. Na tsaya a ciki ba riga ina dariya ni kaɗai.

Na roƙi Inna ta shiga ta ji. Ta sunkuya ta shiga, ta taɓa bango, ta ce akwai ɗumi. Na ce ta gwada sau ɗaya tak, saboda ni. Ta dube ni ta ce, “Kai dai ba ka gajiya.” Amma ta ce in ɗebo kalwa.

Litinin, 25 ga Disamba

An rufe. Ita ta yi komai, dafawa, surfe, wanki, dafawa ta biyu da kanwa. Ni wuta ce tawa. Talatin da biyar, ba ya motsi.

Alhamis, 28 ga Disamba

Jiya salla. Yau muka buɗe.

Ba ta kama ba.

Da ɗumi a jikinta, amma ruwa ya taru a gindin robar, saman ya bushe, warin kuma ba na daddawa ba ne, na abin da ya lalace ne. Na duba ma'auni, talatin da biyar. Na ce a ƙara mata kwana ɗaya. Inna ta ce, “Ka ga ni ko? Ga ɗumi ka kawo. Saura me?” Na mayar da murfin.

Da ban gina ƙaramin ɗakin ba da tana da sauran abin da za ta ɗora wa laifi. Yanzu na cire sanyi daga cikin zancen, na bar ta ita kaɗai da hannunta. Kwana goma sha biyar ina wahala don in tabbatar mata da abin da take tsoro.

Asabar, 30 ga Disamba

Sabuwa ta zo gaisuwar salla da jaririnta. Ta ga yadda Inna ta zube, ta ja ni zaure tana kuka. Ta ce, “Yaya, in ta zauna a gidan nan tana kallon ɗakin nan ba za ta kai damina ba.” Ta ce za ta shawo kan mijinta su ɗauke ta zuwa Kabo. Na ce gidan ubanmu ne nan, ba inda za ta. Ta ce to in ba ta abinci ta ci mu gani.

Inna ta ba maƙwabciya babbar tukunyarta ta dafa kalwa. Kyauta. Ina tsaye aka fita da ita.

Litinin, 1 ga Janairu, 2001

Ban hura wuta ba. Ban fita ba.

Laraba, 3 ga Janairu

Akwai abin da ban rubuta ba tun farkon littafin nan.

Na je mayar wa Bappa igiyoyinsa da na ɗauro kara da su, na tarar da matarsa tana juye madara a wata ƙwarya baƙa ƙirin, duk ta sha ɗinki. Don in ce wani abu sai na ce ai ta isa canji. Ta ce Allah ya kiyaye. Wai sabuwar ƙwarya ba ta iya nono, sai ta sha tsohon nono ta ƙoshi tukuna, roba kuwa ko a kyauta ba ta so. Ta ce, “Abin yana jikin ƙwaryar ne, ba a ganinsa.” Na ji kamar an zuba min ruwan randa.

Inna a kwanduna take rufe daddawa. Tsofaffin kwanduna guda shida, sun yi baƙi sun yi maiƙo, da buhunan algarara da tsummokin da take lulluɓa su, wasu sun girme ni. Ranar da na rushe ɗakin na tara su a bayan gida na cinna musu wuta. Ƙazanta na gani. Warin da aka yi ta tsokanata da shi a makaranta, ɗan mai daddawa, a matsa masa. Ina jin daɗi ma lokacin da suke ci da wuta. Da ta dawo ta tambaya na ce gara ce ta cinye su.

Kwando yana tsane ruwa, yana numfashi, kuma abin yana jikinsa. Roba fa?

Ni na kashe mata sana'a, da ashana ɗaya.

Juma'a, 5 ga Janairu

Na tuna da za ta tafi jego ta tafi wa Sabuwa da daddawa a kwando. Na hau mota zuwa Kabo. Yana nan! A bayan rumbu, kaza tana ƙwai a ciki, har da guntun buhun da aka rufo shi da shi. Sabuwa ta ce in bari ta wanke min da omo, na fizge shi har ta tsorata. Na riƙe shi a cinya har Getso, wani fasinja yana ta toshe hanci.

Na kai wa Inna na ce ga kwandonki, mu gwada a ciki. Ta shafa bakinsa. Ta ce ita ta gama, ba za ta sake zubar da abincin mutane a juji ba. Na roƙa, na durƙusa. Ta ce a'a.

Lahadi, 7 ga Janairu

To ni zan yi, ta gani da idonta cewa kwandon ne. Na aro ƙaramar tukunya. Tun ina yaro nake ganin aikin, ban taɓa sanin haka yake cin ƙarfi ba. Wuni guda ana dafawa, surfen ya sa kafaɗata ta riƙe, ɓawon ya ƙi fita sai da na ƙara toka.

Uwaisu ya ji ƙarar turmi ya leƙo. Ya ce, “Ja'afaru, a zamanin shari'ar nan namiji da taɓarya? Ka bi a hankali kada a yi maka wani suna.” Na ce ya je ya kawo ayar da ta hana. Amma na ja turmin zuwa cikin ginin kwanon, inda ba mai gani.

Litinin, 8 ga Janairu

Na rufe. Kwando, guntun buhun, bargo a kai. Talatin da huɗu.

Alhamis, 11 ga Janairu

Tun daga bakin ƙofa na ji. Warin nan da na tsana duk rayuwata, ya daki hancina har idona ya kawo ruwa. Na ɗaga buhun, ta yi laushi, ta yi duhu, na ɗebo tana zare a yatsa. Ta kama.

Na kwasa a guje da kwandon na dire a gaban Inna. Ta ɗauki ƙwaya ɗaya ta murje, ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta ce kanwa ta ɗan yi yawa, amma daddawa ce. Sannan ta ce, “Hannunka yana da kyau.”

Na ce ba hannuna ba ne, kwandon ne. Na faɗa mata komai, ba gara ba ce, ni ne na ƙone su, ni na yi ƙarya. Ina magana ina kuka kamar ba mai 'ya'ya uku ba.

Ta bari na gama. Ta ce ta sani. Washegarin da ta dawo ta ga tokar a bayan gida, har da guntun bakin kwando da bai cinye ba. Ta kuma san roba ba za ta yi ba tun ranar da ta gan su. Na ce to me ya sa ba ki faɗa ba, me ya sa kika ce hannunki? Ta ce, “An koro ka daga aiki, matarka tana gidansu, ka zo ka yi abu ɗaya da ya sa ka ɗaga kai a unguwa. In ce ka ɓata?”

Na ce to yanzu ai shi ke nan, ga ɗaki, ga kwando, za mu saƙa wasu su sha a jikin wannan. Ta girgiza kai. Ta ce, “Da fari don kai na faɗa. Na yi ta faɗa har na ji shi a jikina. Yanzu ko taɓarya na ɗaga sai hannun ya yi rawa.” Ta miƙo shi in gani. Yana rawa.

Asabar, 13 ga Janairu

Na yi ta jira ta canza magana. Ta zauna ta nuna min yadda ake daka ta a fyaɗa ta a shanya, da baki kawai, hannunta a cikin mayafi. In na yi ba daidai ba ta ce sake. Ko sau ɗaya ba ta taɓa ba.

Talata, 16 ga Janairu

Mijin Sabuwa ya zo da mota. Kayan Inna ƙulli biyu. Ban hana ba, da wane baki? Ta shiga ta zauna, ta ce in riƙa cin abinci, in kuma je in ga yarana. Na ce sai yaushe, ta ce sai yadda hali ya yi. Har motar ta sha kwana ba ta waiwayi ginin ba.

Gidan shiru. Na gina ɗakin da ya fi kowane ɗaki ɗumi a Getso, ba kowa a ciki.

Juma'a, 19 ga Janairu

Sabuwa ta aiko, wai Inna tana ɗan cin tuwo. Ba ta tambayi komai na nan ba.

Litinin, 22 ga Janairu

Na hura murhun da safe. Don yaɓen ne kawai, in ya huce ya sake ɗumi zai tsage.

Wata tsohuwa ta yi sallama, ba ta ji Inna ta tashi ba, daga ƙauyen Jama'a ta tako. Na ba ta cikin wadda na yi. Ta shinshina ta ce ta Uwaliya ce wannan, ko a ina ta san ta. Ban gyara mata ba. Ta ce tana son ta kwano guda saboda bikin jikarta, na buɗe baki in ce an daina, sai na ji na ce ta dawo ran Asabar.

Ba wai na zama mai daddawa ba ne. Kalwar ce ta rage a buhu, kuma ba kyau a bar ta ta lalace. Turmin ma na fito da shi tsakar gida, cikin kwanon ƙarar tana damuna. Wannan karon zan rage kanwa.